Mu ke sayar da robar, wasu ke riƙe da mul ɗin

Duk mai karanta wannan shafi da ke da bokiti ko baho ko kofin roba a kusa da shi, don Allah ya ɗauka ya kife shi, ya dubi gindinsa da kyau. A tsakiya zai ga wani ɗan tabo kamar cibiya. Idan ya shafa baki zai ji wani siririn layi da ya zagaye abin. A wasu kayan kuma, irin su murfi da mataji da kujera, akwai 'yan da'irori kamar an danna kan ƙusa. Cibiyar nan ita ce ƙofar da narkakkiyar roba ta bi ta shiga. Layin shi ne mahaɗar ɓari biyu na wani dunƙulen ƙarfe. Da'irorin kuwa sawun sandunan da suka tunkuɗo abin ne bayan ya sandare. Wannan dunƙulen ƙarfe shi muke kira mul a nan Duwala, daga bakin Faransawa, 'yan'uwanmu na Kano da Kaduna kuma su ce mol. Mai buga bulo ya san shi, mai zuba tukunya ya san shi. Na roba dai ya fi su tsada nesa ba kusa ba, ya kuma fi su wuyar ƙira.

Maganata a yau ɗaya ce. A harkar kayan roba, mai mul shi ke riƙe da kasuwa. Mu kuwa Hausawan Duwala, da sauran 'yan'uwa musulmi da muke zaune tare a New Bell, mun cika layin masu saye da sayarwa maƙil, amma a layin masu zana mul da sassaƙa shi da gyara shi, sai ka gaji da dube-dube kafin ka ga namu. Ina ganin lokaci ya yi da za mu tura wasu daga cikin 'ya'yanmu wannan layi, mu kuma sa kuɗinmu a ciki.

Kakanninmu da goro da shanu da tufafi suka gangaro bakin teku. Lokacin da Jamusawa suka tashi mutanen Duwala daga filayensu na bakin kogin Wouri, rikicin da ya kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914, aka keɓe New Bell a bayan gari, kuma da tafiya ta yi tafiya ta zama unguwar baƙi. Muka zauna, muka gina masallatai, muka kafa kasuwa. Shekara ɗari da ɗoriya fatauci ne ya rufa mana asiri, kuma babu abin kunya a ciki. Ka leƙa Marché Central ko Mboppi ka ga tulin robobin da ake ɗaura wa motoci zuwa Ngaoundéré da Garwa da Marwa da Kusiri, har Njamena da Bangi. Buta, bokiti, kwanon awo, faranti, kujera. Da yawa daga masu wannan lodi namu ne. To amma ribar ɗan kasuwa a kan bokiti ɗaya nawa ce? Kowa ya sani 'yan sefa ne, kuma kullum maƙwabcinka a shirye yake ya rage sefa 25 ya janye maka mai saye, don bokitinsa da naka daga mul ɗaya suka fito. Ba ka da bakin cewa naka ya fi nasa.

Bari in ɗan bayyana yadda aikin yake, don da yawanmu mun shekara ashirin muna sayar da abin da ba mu taɓa ganin haihuwarsa ba. Robar tana zuwa ne a buhuna, ƙwaya-ƙwaya kamar shinkafa, kuma daga waje ake shigo da ita. Ana zuba ta a mazurari a saman inji. Wani dogon ƙarfe mai murɗe, irin na cikin injin niƙa nama, yana juyawa a cikin bututu mai zafi yana tura ta gaba har ta narke. Ga nau'in da ake kira PP, wanda aka fi yin bokiti da kujera da shi, zafin kan kai digiri 200 zuwa 260. Idan ta narke sai ƙarfen ya danna ta kamar yadda ake danna sirinji, ta kutsa cikin ramin mul da ƙarfin gaske. A jira ta huce, mul ya buɗe, abu ya faɗo, mul ya rufe, a sake. Haka dare da rana. Dabarar ba sabuwa ba ce: John Wesley Hyatt ya yi rajistar injin farko a Amurka tun 1872, mai murɗaɗɗen ƙarfen kuma James Watson Hendry ya fito da shi a 1946. Abin lura shi ne, injin bai san bokiti ba, bai san mataji ba. Duk mul ɗin da aka ɗaura masa shi zai haifa. Shi ya sa kowace masana'antar roba, ko irin su Plasticam da Icrafon a nan Duwala, ko waɗanda ke Sharaɗa da Challawa a Kano, babbar dukiyarta tana kan kantar da aka jera mul.

Ita buta ma, kafin wani ya gyara mini magana, hanya biyu ake yin ta: wasu hura su ake yi da iska kamar kwalba, wasu kuma a zuba su gida biyu sannan a liƙe. Kowace hanya dai da mul ɗinta, murfin kuwa zubi ne.

Wani zai ce, to mene ne abin wuya? A rarake ƙarfe daidai siffar abin, shi ke nan. Ina! Idan ka rarake daidai, abin ba zai fito daidai ba, don roba tana ƙanƙancewa idan ta huce. PP kan ragu da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. A ce kana son murfi mai faɗin milimita 200, robarka kuma na raguwa da kashi 1.5, to dole ramin ya zama milimita 203. Ka manta da wannan milimita 3, murfi ba zai hau bokiti ba, kuma ba murfi ɗaya ba, duk dubu ɗarin da za a zuba haka za su fito. Wata robar kuma, mai tauri da ake jikin rediyo da ita, wadda ake kira ABS, raguwarta ba ta kai kashi 1 ba. Ke nan tun kafin a taɓa ƙarfe sai an yanke shawarar wace roba za a zuba, kuma wanda ya canza shawara daga baya ya canza girman kayansa.

Kun lura bokiti da kofi kullum bakinsu ya fi gindinsu faɗi? Mutane na zaton don a jera su cikin juna ne. Wannan ma amfani ne, amma asalin dalilin yana cikin mul. Robar idan tana hucewa rungume ɓarin ciki take yi ƙam. Idan bangon a miƙe yake sak, abin ba zai fita ba sai da karce ko tsagewa. Don haka mai zane ke karkata bangon da digiri 1 ko 2. Matan da ke tuyar masa sun riga mu sanin wannan: ramin tanda da ya yi tsaye ba ya sakin masa.

Sai maganar kauri, wadda nan ne nake yawan saɓawa da Alhazanmu. A kasuwa mun saba ɗaga abu mu ji nauyinsa, mu ce mai nauyi shi ne mai ƙarko. Akwai gaskiya a ciki. Amma mai zana mul ya san kauri sau biyu yake cin kuɗi: ya ci roba, ya ci lokaci. Fiye da rabin lokacin kowane zubi a jiran hucewa yake tafiya, kuma idan ka ninka kaurin bango sau biyu, jiran kan ninka kusan sau huɗu. Ga shi kuma wurin da ya fi kauri shi ke hucewa daga baya, sai ya lotsa ciki, ko abin gaba ɗaya ya karkace. Gwani yakan yi bango mai kauri ɗaya ko'ina, sannan ya ƙarfafa shi da haƙarƙari. Ka kife kujerar roba ka dubi ƙarƙashinta, za ka ga layukan nan sun gitta juna. Su ne ke ɗaukar ƙaton mutum, kuma kaurin kowannensu kamar rabin kaurin bango ne ko ɗan fiye, don in ya wuce haka sawunsa zai bayyana a fuskar kujerar.

Domin a hanzarta hucewar, ana huda hanyoyin ruwa a cikin ƙarfen, ruwan sanyi ya riƙa zagayawa. Inda aka bi da hanyoyin nan shi ke raba gwani da ɗan koyo, kuma lissafin mai sauƙi ne. Mul ɗin da ke fitar da abu kowace daƙiƙa 30 zai ba ka 2,880 a awa 24. Wanda aka gyara masa hanyar ruwa ya koma daƙiƙa 24 zai ba ka 3,600. Inji ɗaya, ma'aikaci ɗaya, kusan wuta ɗaya, amma bambancin 720 kowace rana. Wannan ba a kasuwa ake samun sa ba, a kan takardar zane ake samun sa.

Akwai kuma wani abu da ido ba ya gani. Ramin mul ba fanko ba ne, iska ce cike da shi, kuma idan roba ta shigo sai iskar ta samu mafita. Ana yi mata 'yan tsagogi masu zurfin kamar milimita 0.02, ko gashin kai ya fi su kauri. Idan babu su, iskar ta matse ta yi zafi ta ƙona bakin abin ya yi baƙi, ko roba ta kasa kai ƙarshen rami, abu ya fito guntu. Idan kuma an zurfafa su, roba ta bi ta fito, abu ya yi gemu mai kaifi da ke yanka hannun mata a wurin wanke-wanke. Duk ɗan kasuwa ya taɓa karɓar dila mai irin wannan gemu. Alama ce ta mul ɗin da ya gaji, ko wanda tun farko ba a haɗa ɓarinsa da kyau ba.

Na ƙarshe cikin abin da zan kawo shi ne ƙarfin riƙo. Robar da ake dannawa tana ƙoƙarin buɗe mul, injin kuma yana riƙe shi a rufe. Murfi mai faɗin santimita 20 fuskarsa ta kai santimita murabba'i 314. Idan kowace ɗaya na ɗaukar matsin kilo 300, jimilla ta haura tan 90. Don murfi kawai fa. Saboda haka kowane mul da girman injin da zai iya ɗaukar sa, kuma wanda bai san injin da zai yi aiki da shi ba, bai isa ya yi odar mul ba.

Na san wani ɗan kasuwa, mutumin kirki mai son ci gaba, da ya yanke shawarar ya mallaki nasa mul na baho. Ya ɗauki hoton bahon da ya fi tafiya a shagonsa, ya aika wa wani dillali a ƙasar Sin ta WhatsApp, aka yi ciniki, ya biya. Bayan watanni kaya suka iso, ya yi fama da duwan ya fitar. Mul ya zo yana ƙyalli. Da aka kai shi masana'antar da suka yi magana da ita, sai ya ƙi wucewa tsakanin ginshiƙan injin, ya fi su faɗi. Injin da zai ɗauke shi na wani wuri ne, kuma kuɗin hayarsa ya cinye ribar da ya lissafa. Bai karɓi zanen mul ɗin ba, bai tambayi irin ƙarfen ba, bai nemi a gwada a aiko masa samfuri ba. Ba cutarsa aka yi ba, abin da ya tambaya aka ba shi. Da akwai wani yaro a gidansu da ya san karatun zane, da tambaya biyar ta cece shi. Mul ɗin ya zauna a sito, Duwala kuwa kun san ta: ruwan da ke sauka a shekara ya kusa milimita 4,000, iska jiƙe take, ƙarfen mul na yau da kullum da ake kira P20 idan ba a shafe shi da mai ba, tsatsa ba ta yi masa jinkiri.

Yanzu ga inda nake ganin muna da abin da wasu ba su da shi. Mul kuɗinsa a kan kaya ake raba shi. A ce, don misali, ya ci sefa miliyan 6. Idan ya zuba abu 600,000, kowane ya ɗauki sefa 10. Idan ya tsaya a 20,000, kowane ya ɗauki 300, an yi asara ke nan. Ashe babban haɗarin mai mul shi ne ya zana abin da kasuwa ba ta so. Sanin abin da kasuwa ke so kuwa, wa ya fi mu? Mu ne muka san kalar da matan Marwa ke ɗauka da wadda suke turewa, mu ne muka san girman bokitin da ke shiga bayan benskin, mu ne muka san kwanon awon da masu hatsi suka yarda da shi. Injiniyan da ke zana buta a Huangyan, garin masu mul na lardin Zhejiang, gwani ne, amma da wuya ya taɓa yin alwala. Bai san haushin butar da ke zubo da ruwa da yawa har ya ƙare kafin a kai ƙafa ba, ko wadda gindinta ya yi ƙanƙanta iska ke kayar da ita, ko wadda ta yi tsayi ba ta shiga ƙarƙashin famfon masallaci, ko mariƙin da ke suɓucewa a jiƙaƙƙen hannu. Mu sau biyar a rana muke gwada wannan kaya. Wannan ilimi a hannunmu yake, kyauta muke bayar da shi idan dillali ya tambaye mu, sannan mu sayi sakamakon da kuɗinmu.

Hannun ma ba mu rasa shi gaba ɗaya ba. Ku dubi masu zuba tukwanen makokot a unguwanninmu. Suna danna yashi a akwati biyu, su cire samfuri a hankali, su bar ƙofar zuba alminiyon, su bar wa iska mafita, su karkata bango don samfuri ya fita ba tare da ya rushe yashi ba. Duk abin da na lissafa a sama, tunanin iri ɗaya ne. Ku dubi masu tur, injin nan da ke juya ƙarfe yana fere shi, da ke ƙera wa makanikai ƙananan sassa daga Camp Yabassi har Ndokoti. Abin da ya rage tsakaninsu da mul na roba shi ne daidaito. Tukunya idan ta kauce da milimita 1 ba wanda zai sani. Mul kuwa ana maganar kashi 1 ko 2 cikin ɗari na milimita. Wannan ba a kai gare shi da ido da hannu kaɗai, sai da karatun zane, da lissafi, da ma'auni mai kyau, da injunan da kwamfuta ke sarrafawa, irin su CNC da injin da ke cin ƙarfe da tartsatsin lantarki.

Wasu garuruwa daga irin wannan wuri suka tashi. Marinha Grande ƙaramin gari ne a Fotugal da aka sani da aikin gilashi tun ƙarni na 18. Masu yi wa gilashi mul ne, ƙarƙashin wani mutum mai suna Aníbal Abrantes, suka juya zuwa mul na roba a shekarun 1940. Yaran da suka koya a wurinsa suka riƙa fita suna buɗe nasu wuraren, yau kuma Fotugal na cikin manyan masu yin mul a Turai, mafi yawa tana sayarwa waje, har ga kamfanonin motoci. Oyonnax a Faransa garin masu sassaƙa mataji ne da katako da ƙaho, kafin ya zama cibiyar roba ta ƙasar. Babu ɗayansu da ya fara da babban jari. Sana'ar hannu ce ta gamu da sabon kaya.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini. Na farko, ɗan Sin zai yi maka mul da araha da sauri fiye da duk wanda zai tashi a Duwala. Gaskiya ne, kuma ban ce mu je mu kara da shi a kan mul na kujera ba. Wanda ya fara da wannan zai karye. Ƙofar shiga ita ce gyara. Mul na aiki ne a ƙarƙashin tan ɗari ko ɗaruruwa, sau dubbai a rana. Sandar tunkuɗa ta karye, hanyar ruwa ta toshe da laka, fuska ta karce tana son walda da gogewa, mahaɗa ta cinye ta fara fitar da gemu, ko mai kaya na son a canza sunan da ke gindin bokiti. Masana'antar da injinta ya tsaya tana jiran ɗan ƙarfe daga ƙetare tana asarar dubban kaya kowace rana. Mai gyaran da ke Bassa ko Bonabéri, wanda zai gama cikin kwana biyu, yana da abin da mai nisan teku ba zai taɓa ƙwace masa ba, wato kusanci. Kuma wanda ya kwance mul ɗari ya gyara, ya karanta tunanin gwanaye ɗari. Daga nan sai ƙananan kaya: maɓallan da telolin Marché Congo ke saye, ƙwayar carbi, maƙalan shanya, robar ƙafar kujerar ƙarfe, murafe iri-iri. Irin waɗannan, idan ba adadi mai yawa ake so ba, ko da alminiyon mai tauri ana iya yin mul ɗinsu, ya fi sauƙin sassaƙa.

Na biyu, wuta. Wannan ba sai na yi wa kowa bayani ba. Amma wurin ƙera mul ba ya shan wuta kamar masana'antar zubi, janareta matsakaici na iya riƙe shi.

Na uku shi ne wanda ya fi nauyi a wurina: roba ta riga ta shaƙe mu, don me za mu ƙara? Duk wanda ya ga magudanan New Bell a watan Agusta, cike da kwalabe da leda, ruwa na shiga ɗakuna, ba zai raina wannan tambaya ba. Gwamnati ta sa hannu a dokar hana leda maras kauri, mai mikron 60 zuwa ƙasa, tun Oktoba 2012, ta fara aiki a Afrilu 2014, kuma kowa na ganin inda aka kwana. Sai dai ledar da ake yarwa bayan minti biyar daban, bokitin da zai shekara biyar daban. Kuma mai zana mul na da hannu a maganin. Shi ke yanke shawarar a yi abu da roba iri ɗaya don a iya sake narka shi. Shi ke sassaƙa lambar nan da ke cikin alwatika a gindin kaya, 2 ko 5, wadda masu tsintar roba ke rarrabewa da ita. Shi ne kuma zai iya faɗaɗa ƙofa da hanyoyin mul don su karɓi tsohuwar roba da aka niƙa. Kamfanoni irin su Namé Recycling da Red-Plast sun riga sun fara tattara roba a ƙasar nan. Niƙaƙƙiyar roba idan ba ta da mul ɗin da za ta shiga a gida, waje za a kai ta, ribar ta bi ta.

Amma a nan akwai amana. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen alminiyon da ake zubawa a Kamaru ya nuna wasunsu na sakin dalma, saboda tarkacen da ake narkawa ba a san asalinsa ba. Kada mu maimaita wannan da roba. Tsohuwar robar da ba a san abin da ta taɓa ɗauka ba, a yi kwandon shara da maƙalan shanya da ita. Kofin da yaro zai sha kunu a ciki sai sabuwa.

Ita sabuwar ma tana matsowa kusa. Indorama na yin ta a Eleme kusa da Fatakwal, matatar Ɗangote a Legas ta fara fitar da PP a 2025, ga yarjejeniyar kasuwancin Afirka da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2021. Idan ƙwayar roba ta yi sauƙi a yankin nan, masu mul ne za su fara cin moriya.

To iyaye, makarantun na nan a garinmu, ba sai an nemi biza ba. Akwai Lycée Technique ta Koumassi, akwai Collège De La Salle, akwai sashen ƙere-ƙeren inji a IUT ta Jami'ar Duwala, akwai ENSET, akwai Polytechnique. Mu ne ba mu cika tura yara ba. Yaro ya kai shekara 14 a zaunar da shi a shago, wanda ya yi sa'ar karatu kuma a so ya zama ma'aikacin banki. Aikin ƙarfe wasunmu na ganin sa na 'ya'yan maƙera ne, alhali muna karantawa a makarantar allo cewa Annabi Dawuda, alaihissalam, da ƙarfe ya yi sana'a. 'Yan mata ma ban ga abin da zai hana su ba, don rabin aikin a gaban kwamfuta ake yin sa, kuma akwai manhajar zane irin su FreeCAD da ake saukewa kyauta. Yarinyar da ta iya lissafi ta iya zana mul.

Alhazan kasuwa kuma, adashin da muke zubawa don aure da kujerar Makka, a ware wani don wannan. Mutum goma da ke sayar da kaya iri ɗaya su haɗa jari su mallaki mul ɗaya, su yi hayar inji a masana'anta, su raba kaya da riba gwargwadon abin da kowa ya sa. Tarayya ce halal, babu ruwa a ciki. Amma a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, mu kuwa har yau da "ai mun yarda da juna" muke ƙulla cinikin miliyoyi. Mul zai kwana a masana'antar wani, don haka takarda ta faɗi na wane ne, wa ke biyan gyara, nawa aka zuba, kuma ta hana a zuba wa wani da shi da dare. A karɓi zanen kwamfuta daga wanda ya ƙera, a ajiye shi kamar takardar gida. Idan siffar taku ce, ku yi mata rajista a OAPI, hedkwatarta na Yawunde, kuma rajista ɗaya na aiki a ƙasashe 17, har da Cadi da Nijar da Gabon da Afirka ta Tsakiya, duk da Najeriya ba ta ciki. Haka kuma kada mu sassaƙa tambarin wani a kayanmu, wannan sata ce ko da an saba.

Abin da nake roƙon kwamitocin masallatai da ƙungiyoyinmu na unguwa ba babba ba ne. Kafin komawa makaranta a Satumba, a zaɓi yara biyar masu kan lissafi, a ɗauki nauyinsu a sashen ƙirar inji, masu faɗa a ji kuma su nema musu gurbin koyon aiki a ɗakin gyaran mul na wata masana'anta lokacin hutu. 'Yan kasuwa su kawo jerin ƙananan kayan da suka fi shigowa da su daga waje. Ni a nawa lissafin, murfin buta ne zai hau saman jerin. Ƙarami ne, mul mai ramuka huɗu ya ishe shi, ƙaramin inji zai ɗauka, kuma duk wanda ya leƙa wurin alwala ranar Juma'a ya ga yawan butocin da ke zaune baki buɗe, lafiyarsu ƙalau, murfi kawai ya ɓata. Aikin farko na yaran shi ne su ɗauki ma'aunin milimita su bi masallatan New Bell, su auna bakin butoci ɗari biyu, su dawo su faɗa mana girma nawa ne ke yawo a gari.